Bayan Ishaku ya dawo

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ka shafa min kan takwarana. Nisa ya hana mu zama mu yi wannan maganar baki da baki, shi ya sa za ka ga takardar ta yi tsawo.

Saƙonka ya iso tun makon jiya, kuma sai da na karanta shi sau uku kafin na ɗauki alƙalami. Na gode ƙwarai da ka zauna ka karanta babi goma sha ɗayan nan na ƙagaggen labarin da nake rubutawa kan auren bayi a ƙasar Amurka, duk da aikin da ke kanka. Gyare-gyarenka na karɓa. Kwanakin tafiyar Ishaku da na rikita na daidaita su, surutun mai wa'azin nan ma na rage shi. Abu ɗaya ne ba zan iya yi maka ba, wato in tsayar da littafin a babi na bakwai.

Na san abin da ya sa kake son haka. A babin ne Ishaku ya iso bakin bukkar bayan shekara tara, ƙafafunsa duk sun farfashe, matarsa Rahila tana shanya ta juyo ta gan shi, rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ka ce nan hawaye ya zubo maka, kuma mutanen nan sun sha wuya iya wuya, a bar su haka. Ka ƙara da maganar da ta fi tsaya min a rai: in na ci gaba na nuna auren yana tsami, mai karatu zai tashi da cewa bayi ba su iya riƙon aure ba, alhali wannan ita ce ƙaryar da iyayengijinsu suka yi ta yaɗawa don su sami damar raba miji da mata ba tare da zuciya ta dame su ba. Wannan magana ce mai nauyi, ta hana ni barci. Amma bari in gaya maka abin da na tarar a shekara biyun da na yi ina haƙa kafin in rubuta layin farko.

A jihohin kudu na ƙasar Amurka babu jiha ko ɗaya da dokarta ta san auren bawa. Ana ɗaurawa, wani lokaci har da mai wa'azi da taro, amma a gaban alƙali ba komai ba ne. An ruwaito cewa wasu masu ɗaurin auren sukan sauya lafazin alkawarin su ce "har mutuwa ko nisa ya raba ku", domin sun san ubangiji na iya sayar da ango gobe. Tun 1662 Bajiniya ta kafa doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, in baiwa ce shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa. Ka dubi abin da wannan layi ɗaya ya haifar. Mai gandu zai iya afka wa baiwarsa, abin da ta haifa kuma ya zama ƙarin dukiya a gare shi, mijinta yana gani ba shi da ta cewa. Da aka hana shigo da bayi daga waje a 1808, ga kuma auduga ta yi daraja tun bayan injin gurza na 1793, sai cinikin ya koma cikin gida. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashi kusan mutum miliyan 1 daga irin su Bajiniya da Merilan zuwa gandayen auduga da rake na can ƙuryar kudu. Da yawansu sun bar mata ko miji a baya.

Labarin da ya sa na zaɓi jihar Jojiya a matsayin wurin da labarina ya faru shi ne na wani mai gandu, Pierce Butler. A ranakun 2 da 3 ga Maris 1859, a filin sukuwa kusa da Sabana, aka yi gwanjon mutum fiye da 400 domin a biya bashin da caca da asarar kasuwa suka jawo masa. Ruwa ya yi ta zuba duk kwana biyun, har waɗanda abin ya shafa suka riƙa kiran lokacin da kwanakin kuka. Wani ɗan jarida daga Arewa da ya saje cikin masu saye ya ba da labarin wani saurayi, Jeffrey, wanda bayan an saye shi ya riƙa bin sabon ubangijinsa yana roƙo ya sayi Dorcas, yarinyar da yake so. Yana yaba masa ƙarfinta da ƙwazonta kamar dillali, domin wannan ne kaɗai yaren da mai saye zai ji. Mutumin ya so ya yarda, sai aka fito da ita a haɗe da wasu mutum huɗu, ya fasa.

Shi kansa Butler ɗin bautar ta ci aurensa. Ya auri Fanny Kemble, shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo daga Ingila, a 1834. Da ta je gandun shinkafarsa a ƙarshen 1838 ta zauna wata huɗu ko makamancin haka, sai matan gandun suka riƙa zuwa wurinta da kokensu, har da roƙon a ƙara musu kwanakin hutu bayan haihuwa kafin a mayar da su gona. Tana kai masa, yana ɓata rai, har ya hana ta sake kawo masa irin wannan magana. Auren ya mutu a 1849, shi aka bar wa 'ya'yansu mata biyu. Da suka girma babbar ta bi ra'ayin uwar, ƙaramar ta bi na uban, har ta koma ta riƙe gandun bayan yaƙin basasar Amurka. To in bauta ta yi wa gidan mai bulala haka, Habu, me kake zaton ta yi wa ɗakin wanda ake duka?

Yanzu ga abin da ya shafi babi na bakwai kai tsaye. Da aka gama yaƙi a 1865, mutum kusan miliyan 4 suka sami 'yanci, abu na farko da dubbai suka yi shi ne neman nasu. Wasu sun taka ɗaruruwan mil a ƙasa. Wasu sun kai cigiya jaridu, musamman Christian Recorder ta cocin baƙaƙe a Filadelfiya, ana karanta cigiyar a coci-coci ran Lahadi: matata sunanta kaza, an sayar da ita a shekara kaza ga wane, duk wanda ya san inda take ya taimaka. An ci gaba da buga irin waɗannan har shekaru da dama bayan yaƙin. Na karanta su da yawa, ba a iya karanta goma a jere ba a ajiye ba. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata masu cewa bayi ba su damu da aure ba.

Sai dai ko an gano juna, tsugune ba ta ƙare ba. Harriet Tubman, wadda duniya ta sani da jarumta, ta gudu daga Merilan a 1849, ta koma a 1851 don ta fito da mijinta John, har da sabbin kaya ta saya masa. Ta tarar ya yi wani aure, ya ƙi ko ganinta. Henry Brown, wanda aka sayar da matarsa Nancy da ciki da 'ya'yansu uku a 1848, ya sa aka rufe shi a akwati aka aika shi Filadelfiya, awa 27 yana ciki. Ya tsira, ya yi suna, daga baya ya koma Ingila ya auri Baturiya, bai sake haɗuwa da Nancy ba, kuma tun yana raye aka yi ta zarginsa da cewa bai yi ƙoƙarin fansarta ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne mijin wata mata, Laura Spicer. An raba su, ya ji labarin ta mutu, ya yi wani aure ya haihu. Bayan yaƙi sai ga ta da rai. Wasiƙar da ya aika mata tana nan har yau. A ciki yana roƙonta ta yi aure, yana cewa ba zai iya jure ganinta ba, yana cewa sonta bai ragu ba, sannan ya ce ta aiko masa da gashin yaran, kowanne a takardarsa da sunansa a jiki. Wane ne mai laifi a nan? Shi, ko ita, ko matar ta biyu da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba?

Dokar ma ba ta tausaya ba. A 1866 Jojiya ta ce duk 'yantaccen da ke da mata biyu, ko 'yantacciyar da ke da maza biyu da ake ɗauka a matsayin mazajenta, dole a zaɓi ɗaya a ɗaura aure na hukuma, in ba haka ba a hukunta mutum da laifin zina. Waɗanda suka raba auren jiya da gudumar gwanjo su ne yau suke tuhumar mutane da rashin tarbiyya. A wannan tsaka mai wuya na ajiye Rahila. Ga Ishaku, mijin ƙuruciya, wanda ya tako tun daga gandun rake na Luwiziyana. Ga Dauda, miji na biyu, wanda bai yi mata laifin komai ba, ya riƙe ta shekara bakwai, ya goya Saratu 'yar Ishaku tun ba ta iya magana sosai ba. Ta zaɓi Ishaku. Kai kana so in sauke labule a nan, ni kuwa a nan nake ganin labarin ya fara, domin mutumin da aka tafi da shi a sarƙa yana ɗan shekara ashirin da huɗu ba shi ne ya dawo ba, ita ma ba yarinyar da ya bari ba ce.

Ka tuna 'ya'ya uku ya tarar. Saratu tasa ce, amma Dauda take kira baba, kuma Dauda yana nan tsallaken gona, kullum ana ganin hayaƙin bukkarsa. Yusufu ɗan Dauda ne, agola, wannan kowa ya sani, ana iya faɗa. Na tsakiyan, Bilya, shi ne fari, mai laushin gashi, an haife shi shekara ɗaya da rabi bayan an sayar da Ishaku, kafin Dauda ya shigo. Ishaku bai taɓa tambaya ba, Rahila ba ta taɓa faɗa ba, kuma shirun nan shi ne yake kwana tsakaninsu.

Wurin da na fi shan wahala a duk littafin shi ne shafin takalma, wanda ka wuce ba ka ce komai a kansa ba. Sanyi ya gabato, Ishaku ya samo fata zai ɗinka wa yara takalma. Ya zaunar da Saratu ya auna ƙafarta da zare, ya ƙulla. Ya kira Yusufu, ya riƙe diddigensa, ya auna. Bilya yana tsaye yana jiran a kira shi, ba a kira shi ba. Da yamma Rahila ta fito ɗiban ruwa sai ta hango Ishaku a tsugune bakin rijiya, yana auna sawun yaron a cikin taɓo da zaren nan. Ba zai iya taɓa ƙafar ba, kuma ba zai iya barin yaron ya taka sanyi ba takalmi ba. Da aka gama, na Bilya ne ya fi kyan ɗinki. Rahila ta ga duk wannan, ta rasa ko godiya za ta yi ko kuka. In na tsaya a babi na bakwai, wannan mutumin da ke tsugune bakin rijiya ba zai taɓa samun wanda zai gan shi ba.

Sai maganar marin da ke babi na tara, wanda ka ce in cire ko da zan bar sauran. Ga inda ya fito. Hukumar da gwamnati ta kafa a 1865 don kula da 'yantattu takan ɗauki miji a matsayin shugaban gida, sau da yawa shi ne yake sa hannu a yarjejeniyar ƙwadago a madadin matarsa da 'ya'yansa. Ka yi tunanin mutumin da bai taɓa mallakar ko jikinsa ba, yau ga takarda mai hatimi ta ce wannan matarsa ce. Ishaku yana ajiye takardar auren a cikin rigarsa, a naɗe da tsumma, ko gona zai je da ita yake tafiya. Ranar da Rahila ta karɓi aikin wanki ba ta gaya masa ba, kuma ya ji cewa hanyar gidan wankin ta bi ta gaban bukkar Dauda, sai ya ciro takardar ya ce mata, "Ke tawa ce, ga shi a rubuce." Shi a ransa yana nufin ba mai sake ƙwace ta. Ita kuwa ta taɓa jin wannan kalmar daga wani bakin, a wani dare, kuma a lokacin ma akwai takarda. Ta ce masa, "Wancan ma haka ya ce." Nan hannunsa ya tashi.

Ban rubuta wannan don in wanke shi ba. A rubutun farko kam na yi kusa da wanke shi, domin na cika shafi biyu da abin da aka yi masa a Luwiziyana, tabon bayansa, da yadda ake kwana ana dafa rake lokacin girbi. Uwargidana ce ta karanta ta ajiye takardun ta ce min, "Ka ba shi dalili har ya ishe shi, amma marin a fuskarta ya sauka." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Na yage shafukan na sake rubuta wurin daga idon Rahila: ƙarar da kunnenta ya yi, Saratu da ta ja ƙannenta waje ba tare da an ce mata ba, kamar wadda ta saba, da yadda Ishaku ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Abin da aka yi masa gaskiya ne, abin da ya yi mata ma gaskiya ne, kuma ba na so ɗaya ya haɗiye ɗaya. Littafin da ya mayar da wanda aka zalunta mala'ika ya sake ƙwace masa wani abu, domin ya hana shi zama mutum mai iya kuskure da nadama. Iyayengiji sun ce ba mutane ba ne, dabbobi ne. Ba na so ni kuma in zo in ce ba mutane ba ne, waliyyai ne.

Za ka ce to me ya sa ba zan rubuta tarihi zalla ba, tunda ga hujjoji. Saboda hujjojin suna tsayawa a bakin ƙofa. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba, sai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan mai su. Sai a 1870 aka fara rubuta yawancinsu da sunayensu. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnati ta tura ma'aikata suka yi hira da tsofaffi fiye da 2,300 da aka haifa cikin bauta, taska ce babba, amma yawancinsu yara ne lokacin da aka yi 'yanci, masu tambayar kuma galibi Turawa ne, wasu ma daga yankin da tsofaffin ke zaune. Wace tsohuwa ce za ta buɗe wa baƙo irin wannan abin da ya gudana tsakanin uwarta da ubanta da dare? Mun san farashin mutane har zuwa dala, mun san sunan jirgi da na dillali. Abin da miji ya ce wa matarsa a daren farko bayan shekara tara, wannan ba wanda ya rubuta. Nan ne kaɗai nake ganin mai ƙaga labari yana da hurumi, da sharaɗin kada ya taɓa abin da aka tabbatar, kuma ya shiga da ladabi kamar mai shiga ɗakin da aka yi rasuwa.

Duk da haka tsoronka bai tafi a banza ba. Saboda shi na ƙara wasu tsofaffi biyu a babi na takwas, waɗanda suka yi shekara arba'in tare a gandu ɗaya, suka taka zuwa gari don a rubuta aurensu a littafin hukuma, jikokinsu na biye da su. Irin wannan ya faru da yawa a 1866, kuma daidai ne mai karatu ya gan shi kusa da na Rahila, don kada ya ɗauka kowane gida haka yake. Na kuma ba Dauda babi nasa. Ina jin shi ne mutumin da na fi tausayi yanzu, wanda ya yi komai daidai kuma aka bar shi da bukka ba kowa, yana jin muryar ɗansa daga tsallaken gona.

Ƙarshen kuwa har yanzu ina kokawa da shi. Ba zan kashe kowa don in huta ba, ba kuma zan sa su farka wata safiya komai ya warke ba. Abin da nake da shi a yanzu shi ne wani dare, shekara uku bayan marin, Bilya yana zazzaɓi, Rahila ta gaji ta yi barci a zaune. Ta farka ta tarar Ishaku ya ɗora ƙafafun yaron a cinyarsa yana murza su don su yi ɗumi. Ba ta motsa ba, ta bar shi yana zaton barci take. Ban sani ba ko wannan ya isa, ko kuwa ya yi daɗi fiye da kima. Kai za ka gaya min.

Zan turo maka sabon babi na takwas da na Dauda kafin ƙarshen wata. Don Allah ka sake karanta na tara a natse, sannan in ba damuwa ka ba uwargidanka ta karanta shi ita kaɗai, kada ka gaya mata ra'ayinka tukuna. Ina so in ji a wane layi ta tsaya.

Ka gaida mutan gida duka. Ka kuma ba ni labarin ciwon bayan nan naka, don a takardarka ba ka ce komai a kansa ba.

Wassalam,
naka har kullum,
Sani